Gyaran doro da hancin samfurin MiG-21MF mai ma'aunin 1:48

Kayan da aka yi wannan aiki a kansu tsohon zubi ne na samfurin jirgin yaƙi na roba, mai ma'aunin 1:48 (wato an rage girman jirgin gaske sau 48), kuma MiG-21MF aka rubuta a jikin kwalinsa. Abin da ake so a fitar shi ne irin MF ɗin da Rundunar Sojin Saman Najeriya ta fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1970. Sassan suna zama da juna lafiya lau, babu lanƙwasa, babu wani giɓi na a zo a gani. Sai da aka ɗaure gangar jiki da fikafikai da salatif, ba tare da gam ba, aka ajiye kusa da hoton jirgin gaske, sannan matsalar ta fito fili. Doron da ya tashi daga bayan matuƙi ya nufi wutsiya ya yi kauri, ya kuma zarce baya fiye da yadda ya kamata. Doron MiG-21bis, wani nau'in MiG-21 da ya biyo bayan MF, shi ne aka ɗora wa jirgin da ake kira MF.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a tsofaffin kaya. Sassaƙa mazubin ƙarfe na da tsada, don haka masu ƙira kan yi jiki ɗaya su sayar da shi da sunaye biyu ko uku, su canza takardar tambari da hoton kwali kawai. Ga jiragen Tarayyar Sobiyet irin su MiG-21 kuma akwai ƙarin dalili, domin an daɗe ba a samun sahihin zanensu a waje, sai a dogara da hotuna da kintace. Ga mai son jirgin Najeriya abin ya fi muhimmanci, saboda ƙasar ta mallaki MF, daga baya a shekarun 1980 ta sayo bis. Idan aka manna lambar MF a jikin bis, wani jirgin daban aka gina.

Bambancin jiragen biyu

An fara ƙera MF a 1970, da injin R-13-300. Bis ya biyo baya a 1972 da injin R-25-300 mai ƙarfi, wanda ke buƙatar ƙarin iska da ƙarin mai. Waɗannan buƙatu biyu su ne suka canza siffarsa ta waje. An faɗaɗa doro don ya ɗauki tankin mai mafi girma, aka ja ƙarshensa baya har ya bi gindin wutsiya ya kusanci ma'ajin lemar birki. A MF doron ya fi siriri, kuma yana ƙarewa da wuri a gindin wutsiyar. An kuma buɗe bakin shan iska na hanci daga kimanin milimita 870 zuwa 900. A ma'aunin 1:48 wannan ya zama milimita 18.1 da 18.75, wato bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Fikafikan kuwa iri ɗaya ne: faɗinsu daga tsini zuwa tsini mita 7.154, wanda ya zama milimita 149 a samfuri, gefensu na gaba kuma ya karkata baya da digiri 57.

Awo kafin a taɓa zarto

Yawancin gyaran da ke lalacewa tun daga nan yake lalacewa. Mutum ya samo zane a intanet, ya buga, ya ɗora roba a kai, ya ga ba su dace ba, sai ya yanke hukunci cewa robar ce ta yi kuskure. Alhali na'urar bugawa kan ja zane ta wani ɓangare fiye da wani, shi kansa zanen kuma mutum ne ya yi shi. Saboda haka aka fara da auna zanen: in faɗin fikafikai a takarda bai ba da milimita 149 ba, sai a gyara girman bugun a sake. Aka auna tsawon ma daban, don kada a ce faɗi ya yi daidai alhali tsawo ya miƙe.

Zanen ma ba a yarda da shi shi kaɗai ba. An nemo hotunan MF da aka ɗauka daga gefe sosai kuma daga nesa. Hoton da aka ɗauka a kusa yana kumbura tsakiyar jirgi ya ƙanƙantar da hanci da wutsiya, ba ya da amfani wajen awo ko da ya fi kowane kyau. Shi ma samfurin an ajiye shi a kan tebur, aka ja baya kamar mita uku, aka jawo shi da kyamara, aka ɗauka daidai tsayin fikafikansa. Sannan aka ɗora hoton kan na jirgin gaske a kwamfuta, aka rage duhun ɗaya don a riƙa ganin ɗayan ta cikinsa. Wuraren da aka daidaita hotunan a kai uku ne, waɗanda ba su canza tsakanin MF da bis ba: inda gaban fiffike ya haɗu da jiki, firam ɗin bayan murfin matuƙi (gilashin da ke rufe mazauninsa), da tsinin wutsiya. Duk abin da ya kauce bayan waɗannan sun zauna, shi ne ainihin kuskuren.

Abin da awon ya nuna: doro ya yi faɗi kusan tsawonsa duka, ƙarshensa ya zarce, leɓen bakin iska ya yi kauri ƙwarai, hancin kuma ya zo kusan a miƙe maimakon ya riƙa tsukewa a hankali zuwa gaba, tsawon gangar jiki ya bambanta da zanen da abin da bai kai rabin milimita ba. Wannan na ƙarshe an bar shi. Milimita ɗaya a samfuri milimita 48 ce a jirgin gaske, rabinta kuwa ba ta wuce kaurin layin fensir a kan zanen ba, kuma yanka jiki biyu don a ƙara ta zai ɓata layuka da yawa a banza. Ido ba ya ganin rabin milimita a tsawo. Abin da yake gani nan take shi ne lanƙwasar da ta tafi ba daidai ba.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a amsa da gaskiya kafin a fara: ko gyaran ya cancanci wahalarsa? Tun 2011 kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya fitar da MiG-21MF mai wannan ma'auni wanda siffarsa ta yi kyau, kuma ana sayar da sassan gyara na rezin (wata irin roba da ake zubawa a mazubi) don tsofaffin kaya. Wanda zai iya samun su cikin sauƙi, ya saya ya huta. Wanda kuɗin aike zai ninka masa kuɗin kayan, ko kuma tsohon ne a hannunsa, to gyaran da hannu bai fi ƙarfinsa ba. Kayan aikin da aka yi amfani da su: siririn zarton reza, wuƙa mai sabon baki, magagari, ma'aunin baniya (mai auna kauri da faɗi dalla-dalla), faifan roba mai kaurin milimita 0.5 da 1, ruwan gam mai narkar da roba, sufa gulu (gam mai saurin kamawa), fotin ifoksi mai kashi biyu irin Milliput (abin cike giɓi da ake cuɗawa ya ƙame), sanfefa daga lamba 240 mai kaushi zuwa 1500 mai laushi, allura, da firaima (fentin share fage) mai ruwan toka.

Doro

A wannan kayan doro da wutsiya a haɗe suka zo, rabi biyu, hagu da dama, ana ɗora su kan gangar jiki. Hakan ya sauƙaƙa aikin, don ana iya gyara su a hannu kafin su hau.

Abu na farko da aka tsayar shi ne cewa bakin doron na gaba ba zai motsa ba. Nan ne yake haɗuwa da murfin matuƙi, shi kuwa murfin roba ce mai gani-garau, mai saurin tsagewa, ba a rage ta ba a ƙara ta cikin sauƙi. Don haka duk ragin da za a yi dole ya fara daga sifili a bakin murfin, ya ƙaru zuwa tsakiya, ya sake komawa sifili kafin a shiga jikin wutsiya, wadda kaurinta daidai yake. Aka zana wannan siririn yanki da fensir a gefen mahaɗar kowane rabi. Sai aka manna sanfefa mai lamba 240 a kan gilashi, aka riƙa goga fuskar mahaɗar a kai, ana danna tsakiya kawai. A nan ƙidaya tana da amfani: goga goma a rabin hagu, goma a na dama, a haɗa, a auna da baniya. In aka ci ɗaya fiye da ɗaya, layin tsakiya zai kauce, wutsiya ta karkata, kuma ba za a lura ba sai bayan an manna.

Rage faɗi ta wannan hanya yana haifar da sabuwar matsala. Rabi biyun da a da suke haɗuwa a kan lanƙwasa mai laushi, yanzu suna haɗuwa da tsini kamar kan jinka. Dole a zagaye saman, a kuma rage gefuna, kuma robar ba ta wuce kaurin milimita ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ya fara goge waje kafin ya cika ciki zai huda ta. Saboda haka bayan an manna rabi biyun da ruwan gam aka bar su kwana guda, sai aka kankare cikin doron da sanfefa mai kaushi don fotin ya sami abin kamawa, aka cuɗa ifoksi kashi biyu daidai wa daida har launinsa ya zama ɗaya, aka shimfiɗa shi a ciki kaurin milimita biyu zuwa uku. Ana danna shi da jiƙaƙƙen yatsa daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, don kada iska ta maƙale tsakaninsa da robar. Duk inda iska ta ɓuya, nan ne rami zai buɗe a tsakiyar guga. Kada kuma a cika doron maƙil, dalilin zai zo a gaba. Ifoksin yana ƙamewa cikin awa uku zuwa huɗu, amma an bar shi har washegari. A lokacin zafi yana saurin kamawa tun a hannu, gara a riƙa cuɗa ɗan kaɗan.

Fotin kwalba ko na bututu mai warin tina (ruwan tsinka fenti) bai dace da wannan wuri ba. Yana bushewa ne ta hanyar fitar da ruwan da ke cikinsa, don haka yana ƙanƙancewa, kuma in aka zuba shi da kauri a rufaffen wuri, ruwan zai ci robar daga ciki. Bayan kwanaki sai a ga waje ya lotsa ya yi taushi.

Kafin a fara sassaƙa, an yanka kwalayen gwaji guda huɗu daga faifan roba na milimita 0.5, kowanne da siffar bayan doron a wuri guda: dab da murfi, daidai gaban fiffike, tsakiyar fiffike, da gaban wutsiya. An sa wa kowanne layin tsakiya, aka kuma yi alamar wurinsa a jikin doron. Hanyar samun gefe biyu iri ɗaya ita ce a zana rabi a takarda, a ninke, a yanka, sannan a kwafa kan faifan. Da magagari aka fara, sannan sanfefa 240 da aka naɗe a kan katako mai faɗi. Ba a riƙe sanfefa da yatsa a irin wannan aiki, don yatsa yana bin kwari da tudu ya ƙara musu zurfi, katako kuwa tudu kawai yake ci. Ana goga a tsawon doron, ana ɗan juya shi kowane wucewa. Mai amfani da hannun dama yakan ci gefe ɗaya fiye da ɗaya ba tare da ya sani ba, shi ya sa ake juya aikin gaba ya koma baya lokaci-lokaci, ana kuma ɗora kwalin gwaji a duba haske ta ƙarƙashinsa.

Ƙarshen doron, inda ya bi gindin wutsiya, shi ne mafi wahala. Kumburin bis ɗin da za a cire ba tudu ne a kan wutsiya ba, bangon wutsiyar ne da kansa aka zuba a kumbure, cikinsa fanko. Da an goge shi, taga za ta buɗe a kowane gefe. Abin da aka yi shi ne, tun kafin a manna rabi biyun, an saka faifan roba na milimita 1 a tsaye a tsakiyarsu, ya zama ƙashin ciki, aka cika gefensa biyu da ifoksi. Da aka goge kumburin sai aka tarar da abu mai tauri a ƙasa, aka daidaita shi da fuskar wutsiya. Sabon ƙarshen doron an gina shi da ɗan ifoksi daga waje, aka lailaye shi da jiƙaƙƙen tsinke tun yana ɗanye. Abin da aka gyara da ruwa a minti biyar yana rage gugar awa guda.

Da aka ɗora siririn doron kan gangar jiki, sai giɓi ya bayyana a gefe biyu, tunda an buɗe saman jikin ne daidai faɗin na bis. An rufe shi da siraran yankan faifan milimita 0.5, aka manna da ruwan gam, aka rage su bayan sun bushe. Roba a kan roba ta fi foti a nan saboda taurinsu ɗaya, suna cin sanfefa tare, kuma allura za ta bi ta kansu ba tare da tuntuɓe ba.

Hanci

Aikin hanci gajere ne amma ba ya yafe kuskure, domin da'ira ce, ido kuma yana kama da'irar da ta karkace. An rage kaurin leɓen daga ciki da sanfefa 400 da aka naɗe a kan sanda mai zagaye, ana juya jikin jirgin a kan sandar maimakon a riƙa turawa da ja. Daga waje aka tsuke kamar milimita goma sha biyar na gaban hancin, a hankali, har bakin ya sauka kusa da milimita 18. Ana auna shi da baniya ta fuska huɗu, sama da ƙasa, gefe da gefe, da kusurwa biyu. In lambobin suka bambanta, bakin ya zama ƙwai. Leɓen da ya yi siriri yana saurin ɓarewa, don haka aka shafa masa ruwan sufa gulu ta ciki ya ƙara masa ƙarfi.

Mazugin radar da ke tsakiyar bakin dole ya zauna a tsakiya cif. An yanka 'yan guntayen faifai uku masu kauri ɗaya, aka soka su kewaye da shi su riƙe shi har gam ya kama, sannan aka zare su. Yawan fitowarsa waje an ɗauko shi daga hoton jirgi a ajiye a ƙasa, saboda a jirgin gaske mazugin yana matsawa gaba idan gudu ya ƙaru. Sandar auna gudun iska tana saman bakin, ta ɗan matsa ɓangaren dama. An cire gindinta kafin guga aka mayar daga baya. Haka kuma an aske eriyar ƙarƙashin hanci da ta kan wutsiya waɗanda wasu bis ke ɗauke da su, tunda babu su a hotunan MF ɗin da ake bi.

Nan ne dalilin hana cika doro maƙil ya fito. Ifoksi yana da nauyi, kuma mafi yawansa ya zauna bayan manyan tayoyi, don haka samfurin zai so ya zauna a kan wutsiya. An gwada shi a kan fensir da aka sa daidai wurin tayoyin, ana ƙara ƙananan dalma a cikin mazugin har hancin ya rinjaya, sannan aka ƙara kaɗan. An binne dalmar a cikin ifoksi don kada ta kwance ta riƙa yawo bayan an rufe jiki.

Abin da firaima ta tona

Roba mai ruwan toka, farin faifai da ifoksi mai ruwan ɗorawa a wuri guda suna ruɗa ido, ba a iya ganin siffa sai an mayar da su launi ɗaya. Bayan an bi da sanfefa 400 da 600 da ruwa (ƙurar ifoksi ba abin shaƙa ba ce), aka wanke, aka fesa firaima siririya, aka haska fitilar waya daga gefe a kwance. Abubuwa uku suka fito. Akwai ƙananan ramuka inda robar ta ƙare ifoksi ya fara. Akwai wani fili a gefen hagu inda lanƙwasa ta mutu. Akwai kuma inuwar mahaɗar tsakiya.

Ramukan an ɗiga musu sufa gulu, aka goge cikin awa guda. Wannan lokacin yana da muhimmanci: in ya kwana, ya fi robar tauri, sai sanfefa ta ci kewayensa ta bar shi a tsaye. Filin hagun an gano iyakarsa ta hanyar zazzana fensir a kai a bi da katakon guga sau biyu. Inda fensir ya rage, nan ne kwari. An cika da siririn ifoksi. Inuwar mahaɗar kuwa ta ruwan gam ce, wanda ke ci gaba da fita daga robar har tsawon kwanaki, mahaɗar tana ɗan nutsewa. Maganinta haƙuri ne: a bar aikin mako guda, sannan a cika da sufa gulu, wanda ba ya ƙanƙancewa haka. An maimaita firaima da guga har fitilar ta daina nuna komai, aka ƙarasa da 1000 da 1500.

Daga nan sai mayar da layukan mahaɗar faifan jiki da guga ta shafe. An manna tef mai kauri irin na Dymo ya zama rula, tunda yana bin lanƙwasa ba ya zamewa. Ana jan allura da sauƙi sau biyar ko shida maimakon a danna sau ɗaya. Wurin haɗari shi ne inda layi zai tsallaka daga roba zuwa ifoksi ko sufa gulu, saboda allura tana nutsewa a mai taushi ta yi tsalle a mai tauri, wani lokaci ta ɓalle gefe. A irin wurin an ajiye allura aka ɗauki zarton reza, aka ja shi baya a hankali. Layukan doron an zana su bisa na MF, ba a bi tsofaffin ba, don ƙofofin gyara na bis suna wasu wurare daban. Bayan an gama, aka goge kaifin da allura ta tayar da 1000, aka share ƙurar da tsohon buroshin haƙori, aka bi layukan da ke kan roba da ɗigon ruwan gam don cikinsu ya yi santsi. Kan ifoksi gam ɗin ba ya yin komai, sai dai buroshi.

Gwaji na ƙarshe shi ne irin na farko: tebur ɗaya, nisa ɗaya, hoton jirgi ɗaya, wuraren daidaitawa uku ɗin nan. Layin doron ya bi na hoton daga murfi har wutsiya, hancin ya tsuke yadda ya kamata. Zoben bakin iska na MiG-21 sau da yawa ƙarfe ne tsirara, fenti mai ruwan azurfa kuma yana nuna ƙarcen da firaima mai toka ta ɓoye. Don haka aka fesa wa gaban hancin baƙin fenti mai sheƙi siriri, aka sake haskawa, aka goge ƙarce biyu da suka rage kusa da gindin sandar auna gudu, sannan aka rufe murfin matuƙi da tef aka shiga fenti.